Ɗakin da Ya Riga Zanensa Motsi

Tun ina yaro Allah ya jarrabe ni da son zane, har ya zamana babu littafin da zai shigo hannuna face na cika kusurwoyinsa da wani ɗan mutum, wanda in aka danne takardun da babban yatsa aka sake su da sauri sai a ga yana tafiya kamar mai rai. Da na je Hartum neman ilimi, maimakon ciwon ya lafa sai ya ƙaru, domin a can na ga tsofaffin kofen mujallar yara ta Sibyan, wadda aka fara bugawa a 1946, da ayyukan Ibrahim Salahi, haifaffen Omdurman, mai mayar da haruffan Larabci fuskoki. Daga bisani littafin Hasan Fathi, maginin Misra da ya gina Sabuwar Gurna da ɗanyen tubali, ya faɗo hannuna, na wayi gari ina ganin duk mai gini da siminti ɓatacce ne.

Sai na ƙulla niyya biyu a lokaci guda: in gina ɗakin ƙasa a gidan wani abokina a Omdurman, kuma in yi majigin zane mai nuna yadda ɗakin ke tashi daga tushe zuwa rufi. Na lissafa cewa in kowace daƙiƙa za ta ci zane 12, minti ɗaya sai zane 720, na kuwa sa kai ba tare da shawarar kowa ba.

Maginin da aka kawo mini tsoho ne, jikan alhazan ƙasarmu da suka yada zango a Sudan bisa hanyar Makka, Hausarsa tas. Ya ɗora bangon jalus, wato laka sahu bisa sahu, kowane sahu sai ya bushe a aza masa wani. Da ya duba taswirata ya ce, "Ɗana, ina indararo?" Na ce, "Baba, yana ɓata kyan zanen." Ya yi shiru irin na wanda ya ga ƙaddara tafe. Da aka zo shafen zibala, wato kashin shanu da ake cuɗawa da laka a bar shi ya ruɓa, a yaɓe bango da shi kafin damina, sai na ƙi, na ce najasa ce, alhali gaskiyar magana ita ce na riga na zana dagi a bangon, ba na so a rufe mini shi. Tsohon ya ce, "Ashe karatunka bai kai babin tsarki ba? A wurinmu Malikawa, kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne." Da na ga an kayar da ni a fiƙihu, sai na koma tarihi, na kafa hujja da gidan Halifa Abdullahi da ke tsaye tun 1888 kusa da ƙubbar Mahadi. Ya ce wancan yana da masu kula da shi, kuma Bamisiren nan nawa ya yi gininsa ne inda ake shekara ba a ga ruwan sama ba, shi kuwa da idonsa ya ga abin da ruwan Agustan 1988 ya yi wa gidajen ƙasa a garin nan.

Ranar da abin zai faru, da la'asar guguwar habub ta taso jajawur, ta kwashe zanena kusan ɗari uku da na jera a rumfa ta watsa su a layi, inda awakin unguwa suka yi musu karatun ƙarshe. Wata na kama ta da rufin ɗakina a baki. Da dare ruwa ya sauko, ni kuwa don in tabbatar wa jama'a yaƙinina na shigar da gadon angarib ciki na kwanta. Can cikin dare na ji laka na ɗigo mini a goshi, na haska fitila, sai ga bangon gabas ya fara ruku'u, dagina na zamewa a hankali, motsi mai santsi wanda ko zane dubu ba zai ba ni irinsa ba. Na fito a guje da gado a ka, ba takalmi, ba hula.

Da asuba tsohon ya biyo ta wurin daga masallaci, ya dubi tulin lakar, ya ce, "Ɗana, ga majiginka ya yi, sai dai daga rufi ya fara zuwa tushe." Bayan damina ya sake ɗora ɗakin, da indararo biyu da zibala, ni ne kuma na cuɗa ta da ƙafata.