Zuwa ga Takardar Amincewa da Aka Kai wa Mutanen Havasupai

Ke takarda,

Na zo ne da ƙorafi a kan aikin da aka yi da ke.

A shekarar 1990 aka sauko da ke Supai, ƙauyen da ke can ƙasan kwazazzabon Grand Canyon a jihar Arizona ta Amurka, inda har wasiƙu a bayan alfadari ake kai su. Ciwon suga ya addabi 'yan ƙabilar Havasupai, wasu har an yanke musu ƙafa. Masu bincike daga Jami'ar Jihar Arizona suka nemi jininsu don a duba ko cutar ta gado ce. Mutane suka miƙa hannu aka ɗiba. Abin da kunnensu ya ji shi ne ciwon suga.

Ke kuwa an rubuta miki magana mai faɗi, wadda ta haɗa cututtukan jiki da na ɗabi'a. Ta wannan kafa aka bi aka binciki taɓin hankali a jinin, da auren zumunci, da asalin ƙabilar, har aka danganta kakanninsu da nahiyar Asiya, alhali tarihin da suka gada ya ce daga wannan kwazazzabon suka fito. Ba wanda ya koma ya tambaye su. Sai a 2003 Carletta Tilousi, 'yar ƙabilar, ta ji zancen a wani zama a jami'ar.

Na san za ki ce ai sun sa hannu. To, wanda ya sa hannu, da yawun kansa ya yi, amma sakamakon da aka buga sunan ƙabila guda ya ɗauka. Wa ya sa hannu a madadin ƙabilar? Mu ma mun san irin wannan taƙaddama, tun gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996.

Havasupai sun kai ƙara a 2004. A 2010 hukumar jami'o'in jihar ta yarda ta biya mutum 41 dala 700,000, ta kuma mayar musu da jinin, domin a aƙidarsu mamaci ba ya samun hutu matuƙar wani sashe na jikinsa yana hannun wasu. Sulhu aka yi, don haka kotu ba ta kai ga yanke hukuncin ƙarshe a kanki ba.

Maƙwabtansu Navajo sun dakatar da binciken ƙwayoyin gado a ƙasarsu a 2002. Mutanen San na Afirka ta Kudu kuma sun fitar da nasu ƙa'idojin a 2017: mai bincike ya fara gabatar da kansa ga majalisarsu, ya faɗi amfanin da jama'a za su samu, kafin ya zaro ki daga jaka.

Wassalam.