Kunnen Kabtin

Ranar Talatar nan da hantsi wasu samari biyu suka yi mini sallama, ɗaya riƙe da littafi, ɗaya riƙe da waya saboda masu biya ta manhajar Bankak. Kuɗin Kabtin mai koya wa yara ƙwallo suka zo karɓa, na wata na uku. Akwai ɗan ƙanwata a hannuna, shekarunsa goma sha uku, kuma tun da Kabtin ya sauka garin nan yaron ya manta hanyar hawasha, wato gona. Har na sa hannu a aljihu, sai shaiɗan ya zuga ni na buɗe baki. Na ce, "Wai ni kam samari, a ina Kabtin ɗin nan naku ya buga ƙwallo?"

Mai littafi ya dubi mai waya. Mai waya ya sunkuyar da kai, irin sunkuyawar da ake yi idan dattijo ya saki iska a majalisa. Can ya ce, "Haba Kawu, Kabtin ne fa."

Na ce na ji, ai direban rakshar da ke kai ni kasuwa ma Kabtin ake ce masa. Kabtin ɗin wace ƙungiya?

Kafin azahar magana ta zaga gari wai ina hassada. Kafin la'asar an gano dalilin hassadar: ni ɗan ƙungiyar Hilal ne. Wannan gaskiya ne, ban taɓa ɓoyewa ba, amma ba shi ya sa na yi tambaya ba. Bayan isha'i sai ga Kabtin da kansa a wurin mai agashe inda muke hira, usur rataye a wuya. Usur ɗin nan ba ya rabuwa da shi. An ce da shi yake wanka, kuma wani da ya tsaya kusa da shi a sahu ya rantse ya ji ɗan ƙaramin fito lokacin da aka yi ruku'u.

Ya gaishe ni cikin ladabi, ya durƙusa ya ce, "Malam, na ji kana tambaya." Sai ya fara. Shi ɗan Marrikh ne, abokiyar hamayyar Hilal. Yana cikin waɗanda suka ɗauko Kofin Mandela a 1989, lokacin da aka doke Bendel United ta Najeriya ɗaya da nema a gida, aka je birnin Benin aka tashi babu ci. Duk wannan haka yake, kowane yaro a Omdurman ya haddace shi kamar Ƙulhuwa. Na ce to madalla, ina shaida? Ya zaro waya mai fasasshen gilashi ya miƙo mini hoto. Hoton wani hoto ne da aka ɗauka daga wata tsohuwar jarida da ruwa ya taɓa. Ga 'yan wasa nan tsaye, ga na tsugune, ga kofi a tsakiya. Na duba fuska ɗaya bayan ɗaya, ban ga Kabtin ba. Sai ya sa yatsa can gefe, daidai inda hoton ya ƙare, bayan kafaɗar wani dogo.

"Ga ni nan," in ji shi.

Kunne ne. Kunne guda ɗaya, da ɗan abin da ya yi kama da gashi a samansa. Sauran mutumin mai hoto ya yanke shi.

An ce gani ya kori ji, mu kuwa abin da aka kawo mana mu gani shi ne abin jin kansa. Waya ta zaga hannu hannu, kowa ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya dubi kunnen, ya ɗaga kai ya dubi na Kabtin. Shi kuma ya juya gefe ya tsaya cak yana ba da haske, kamar ragon da aka kawo kasuwa ana saura kwana biyu Layya. Aka aika a kira wanzami, tun da shi ne ya shekara arba'in yana kama kunnuwan garin nan yana lanƙwasawa. Ya zo, ya haska da tocila, ya daɗe yana nazari, ya ce biri ya yi kama da mutum, amma na hoton ya fi nama a ƙasa. Kabtin ya ce ai lokacin ana ciyar da su da kyau a kulob. Tela ya ce shi abin da ya dame shi, kunnen hoton na hagu ne, Kabtin kuwa na dama yake ta nuna mana. Wani mai ilimin zamani ya ce jarida takan juya hoto, hagu ya koma dama. Aka ce in haka ne lambobin rigunan ma da sun juya. Aka duba, babu lambar da ake iya karantawa. Mai agashe ya ce shi a sana'arsa bai taɓa ganin kunne ya zo shi kaɗai ba, duk inda ka ga kunne akwai kai, saboda haka lallai akwai mutum a wurin, kuma tun da babu wanda ya zo ya ce nasa ne, to na Kabtin ne. Wannan fatawa ta samu karɓuwa ƙwarai.

Washegari goggon Kabtin, da ke ƙauyen gaba da mu a bakin tur'a, wato magudanar ban-ruwa, ta aiko da saƙo ba tare da mugun nufi ba, don ita alfahari take. Ta ce yaronta tun yana ciki yake shuri, ita ce ta karɓi haihuwarsa a shekarar babbar ambaliya. Ambaliyar 1988 take nufi, wadda ta cinye unguwannin Khartum. Wato lokacin da Marrikh ke fafatawa da Bendel United, gwarzonmu yana rarrafe. Da aka kai masa wannan lissafi ko gezau bai yi ba. Ya ce kowane ɗan ƙwallo yana rage shekaru, shi dai nasa ragin ya ɗan yi yawa, har dangi suka ruɗe.

Daga nan gari ya rabu biyu, kuma ba kan gaskiya da ƙarya ya rabu ba. 'Yan Marrikh suka ce kunne na Kabtin ne, masu musu kuwa baƙin ciki ne ke cin su, don Hilal ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 1987 da 1992 ta dawo hannu rabbana, ba ta da ko kunne a jikin kofi. 'Yan Hilal da farko suka ƙaryata, daga baya suka yi shawara suka sauya matsayi. Yanzu cewa suke lallai kunnensa ne, domin Marrikh ce kaɗai za ta iya sa jariri a fili. A yanzu dai ɓangarorin biyu sun gaskata Kabtin, ni kaɗai na rage a waje.

Abin da ke ba ni mamaki, mu ne fa. Mu ne idan za mu sayi jaki sai mun buɗe bakinsa mun ƙirga haƙora, mun ɗaga kofato, mun sa an hau shi an je an dawo. Idan saurayi ya zo neman 'yarmu sai mun tura mutum har Damazin ko Gadarif ya binciko kakan kakansa, ko akwai mai taɓin hankali a dangi, ko an taɓa kama wani da akuyar mutane. Malami ya zo zai buɗe makaranta, sai mun ji a wurin wa ya yi karatu, shi kuma malamin nasa wa ya ba shi ijaza. Kuma mu ne waɗanda ake tambaya takarda a kowace taga. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Sakkwato bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa ya kafa Mai Wurno a bakin Nilul Azraƙ kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, hannunmu na cikin masu tsince ta. Shekara ɗari da ɗoriya, amma je ka neman jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, ka ji. Kawo shaidu, kawo takardar uba, kawo dattijon da ya san kakanka. Mutanen da suka sha wannan wuya ya kamata a ce sun fi kowa iya cewa "mu gani". Amma mutum ya rataya usur ya sa tabarau, sai mu tattara 'ya'yanmu arba'in mu damƙa masa, mu bi shi da kuɗi.

Kada mu ji kunya da yawa, Turawa ma an yi musu. A 1996 wani ya buga wa Graeme Souness waya, yana kocin Southampton a Ingila, ya ce shi ne George Weah, yana da ɗan'uwa Ali Dia da ya buga wa Paris Saint-Germain da ƙasar Senegal. Weah mutumin Laberiya ne, amma babu wanda ya tsaya tambayar ta ina zumuncin ya haɗu. Aka ba Dia kwantiragin wata ɗaya, aka sa shi ya canji Matt Le Tissier a wasa da Leeds, kafin a tashi aka fitar da shi, bai ƙara sa musu riga ba. Bambancinmu da su, minti hamsin da wani abu ya ishe su su gane. Mu muna wata na uku.

Na manta ban faɗa muku zancen takardar shahada ba. Da ya ga na ƙi sakin maganar, ranar Laraba Kabtin ya kawo wata takarda da aka lulluɓe da roba, rubutun Turanci, da jan hatimi mai kama da rana. Jama'a suka yi ta shafa hatimin. Aka kira Ustaz na firamare ya karanta. Ya karanta sau biyu, ya share gumi, ya ce takardar halartar bita ce ta kwana uku a kan wani wasa wai shi sofbol. Wasan Amurkawa ne, a Shikago aka ƙirƙiro shi a 1887. Ana jefo ƙwallon da hannu ta ƙasa, wani ya make ta da kulki ya ruga a guje. Babu gola, babu bugun kusurwa, kuma ba da ƙafa ake yi ba. Inda sunan mai takardar ya kamata ya fito, ruwan da ya taɓa jaridar nan ya biyo ya taɓa. Kabtin ya ce ƙwallo ai ƙwallo ce. Sauran takardunsa kuwa, na ainihi, yaƙi ya ci.

A nan ne na daina dariya. Akwai malamai da ma'aikatan jinya da suka fito daga Madani a watan Disamban 2023 da tufafin jikinsu kawai, shahadarsu ta gaske ta ƙone ko an watsar da ita a titi, har yau suna yawon neman wanda zai tabbatar sun taɓa shiga aji. Mutum ya ɗauki musibarsu ya yi rawani da ita don ya karɓi kuɗin marayu da 'yan gudun hijira, wannan ba wayo ba ne, rashin tsoron Allah ne. Kuma ranar Asabar da ta wuce, ƙarfe biyu na rana, a zafin nan da ko jaki ke neman inuwa, ya sa yara zagaye fili sau ashirin ya hana su shan ruwa, wai ruwa yana sa ƙafa nauyi. Yaron maƙwabcina ya yanke jiki ya faɗi. Abin da Kabtin ya yi shi ne ya tsaya a kansa yana busa usur. A kan karo aka kai shi gida, Allah ya sa da sauran kwana. Endurance Idahor, ɗan Najeriyar da ke buga wa Marrikh ɗin da Kabtin ke taƙama da ita, faɗuwa ya yi a fili a 2010 ana wasa da Amal ta Atbara, ga likita ga motar asibiti, bai tashi ba. Mu a filinmu ko jarkar ruwa babu.

Ni ban ce dole sai wanda ya buga wa babban kulob zai koyar da yara ba. Mourinho tafinta ne na Bobby Robson kafin duniya ta san shi. Arrigo Sacchi takalma yake sayarwa, ya zo ya ci kofin Turai da Milan a 1989 da 1990. Amma su ba su nuna wa kowa kunne ba. Hukumar CAF tana da lasisin koci hawa hawa, daga D har zuwa A da na ƙwararru, kuma ofishin ƙwallo na yanki yana iya faɗa maka ko sunan mutum na cikin littafi. Kuɗin mota zuwa Sinnar bai kai abin da gida uku ke biyan Kabtin a wata ba. Muna kuma da wani dattijo a nan garin da ya fi shekara ashirin yana tara yara dafuri, wato ƙwallon unguwa, bayan la'asar. Ba shi da usur, tafi yake yi. Kullum da jarkar ruwa a bayan kekensa, kuma yaro ya yi targaɗe ya san abin yi. Ba a taɓa ba shi ko jine ɗaya ba, don mun san ubansa. Ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum.

Na so in kai wannan magana gaban kwamitin iyaye, amma shugaban kwamitin ya ce ajanda ta cika. Wani ya zo da sabuwar hujja, wai a saman kunnen hoton akwai ɗan tabo, Kabtin kuma yana da tabo a daidai wurin, ko da yake wanzami ya ce shi ya yi masa shi da aska makon jiya. An sa zama ranar Juma'a bayan la'asar, za a zo da madubin ƙara girma daga wurin mai gyaran agogo. Na cire ɗan ƙanwata na mayar da shi wurin dattijo mai keke, ya kwana biyu ba ya gaishe ni.

Mai karatu, in kana Omdurman ko Bortsudan ko Jidda, kuma kana da hoton Marrikh na 1989 wanda ba a yanke gefensa ba, don Allah ka aiko kafin Juma'a.