Zuwa Ga Bazazzagin Da Zai Sayi Injin Shara

Malam Bazazzage, gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Guda ɗaya ce tak, don na san in na sakar maka fuska, la'asar za ta riske mu muna kan "ina gajiya".

Labari ya iso Kano cewa uwargida ta jingine tsintsiya. Ta ce tunda ka malale falon sabon gidan nan na Samaru da kafet daga bango zuwa bango, sai ka san yadda za ka yi da abinka, ita ba za ta tsufa a sunkuye da buroshi ba. Matar tamu ta yi gaskiya. An ce ka amince za ka sayi injin shara, amma da yake jinin Zazzau ba ya ɓuya, maimakon ka nufi kasuwa sai ka kafa kwamiti. Kai ne shugaba, kai ne sakatare. An zauna, an ɗage zama, an sha fate, ƙura kuwa tana nan tana jiran rahoto. To ga rahoto daga garin da aka san ciniki.

Bari in fara da wanda ranka ya fi kwantawa a kai, zagayayyen nan da ke yawo a ƙasa shi kaɗai ba mai riƙe da shi. Na san dalili. So kake a zo gaishe ka ranar Juma'a, abu ya ɓullo daga ƙarƙashin kujera, baƙi su ɗage ƙafa suna salati, kai kuma ka gyara zaman hula ka ce, "A'a, ku zauna, yaron gida ne." Wanda ya fara yin suna a irinsu, Roomba, a Amurka ya fito a 2002, kuma gidajen da aka ƙera shi dominsu daɓensu shafe yake, ɗaki ya zarce ɗaki, taga a rufe. Naka fa? Kowane ɗaki da dokin ƙofarsa, shi kuwa da tudu ya haura wajen santimita 2 sai ya tsaya yana kuka. Zai haɗiye gezar darduma, ya nannaɗe wayar caja, ya shaƙe da carbin da ka ajiye bayan isha'i. Ma'ajin shararsa da ƙyar ya kai rabin lita, kafin ya gama falo ya ƙoshi. In kuwa tsautsayi ya sa kazar uwargida ta leƙo ta bar tsaraba a kan tayil, zai bi ta kai ya shafe ɗakin da ita lungu-lungu, cikin natsuwa da bin tsari. Tafiyarsa ma irin taka ce in an aike ka sayen gishiri: ya je wannan bango ya gaisa, ya koma wancan ya sake gaisawa, daga ƙarshe a tsinto shi a ƙarƙashin gado batir ya mutu.

Kada ka ji kunya, son a gani a wannan fage ba kai ka fara ba. A 1901 wani injiniya ɗan Ingila, Hubert Cecil Booth, ya ƙera injin zuƙe ƙura a Landan, ƙato ne a kan amalanke doki na ja. A titi ake girke shi, a zura dogayen tiyo ta taga, yana ruri duk unguwa na ji. Masu hannu da shuni na lokacin har liyafar shayi suke haɗawa, a gayyato ƙawaye a zauna ana kallon yadda ake zuƙe kafet. Shi ya share kafet ɗin majami'ar Westminster gabanin naɗin Sarki Edward na Bakwai a 1902. Da Zariya aka kawo shi, ba na shakka da an naɗa masa rawani ya fito hawan Sallah.

Wanda ya sauko da abin zuwa hannun kowa kuwa talaka ne, James Spangler, mai sharar wani kanti a jihar Ohio, wanda asma ta sa a gaba saboda ƙurar kafet. A 1907 ya haɗa fanka da sandar tsintsiya da rigar filo, ya sami injin da mutum ɗaya zai iya turawa. Ba shi da jari. Wata 'yar'uwarsa ta gwada, ta nuna wa mijinta William Hoover, mai sana'ar kayan fata, shi kuma ya saye haƙƙin a 1908. Yau sunan Hoover duniya ta sani. Mai tunani ya yi tunani, ɗan kasuwa ya kwashe riba, yadda dai abin yake tsakanin Zariya da Kano tun kaka da kakanni.

Yanzu mu zo kan abokin karawarka. Turawan da ke yabon injinan nan, damuwarsu gashin kare ne da ɓurɓushin biskit. Kai hunturu ne a gabanka. Hazon da ke sauka a kan talabijin ɗinka daga Nuwamba zuwa Maris, kaso mai yawa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi yake tasowa, busasshen gindin babban tafkin Chadi na zamanin dā, wurin da masana ke cewa ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Lallausa ce ƙwarai, labule ba ya tare ta. Haɗa ta da jar ƙasar da yara ke kwasowa a ƙafa, da ragowar simintin sabon gini. Wannan lallausar ƙura ita ce ajalin injin shara. Tana toshe ƙananan ƙofofin jaka tun jakar ba ta yi rabi ba, ta liƙe matata, iska ta kasa wucewa. Motar da ke cikin yawancin injinan gida kuwa da iskar da take zuƙa take shan sanyi. Iska na tsayawa sai ta ɗau zafi, ka ji ƙauri, ka ƙwala wa uwargida kira cewa tuwo ya kama, ashe kwayil ne ke ƙonewa.

Saboda haka kafin ka tambayi kuɗi, ka ce a buɗe maka cikinsa ka ga matatar. Ana wanke ta? In ta mutu akwai irinta a nan kasuwa, ko sai an yi odarta daga Dubai? In mai jaka ne, a nuna maka jakunkunan a kan kanta ka ƙirga da idonka, kada ka yarda da "suna hanya". Marar jaka kuma, irin wanda James Dyson na Ingila ya fito da shi bayan ya ce sai da ya ƙera samfuri 5,127 kafin ya dace (ka ji wanda ya fi ka yawan zama, amma shi ya kawo sakamako), wulwula iska yake yi har ƙasa mai nauyi ta faɗa gwangwani. Ya raba ka da sayen jaka, sai dai lallausar ƙurar tana kaiwa ga matata duk da haka. Ranar juye gwangwanin ka fita can bakin bola ka juya wa iska baya, domin in a falo ka juye, ka mayar wa ɗaki kayansa ke nan. Matatar da aka wanke kuma a bar ta ta wuni ta kwana ta bushe ƙayau kafin a mayar. Jiƙaƙƙiya in ta haɗu da ƙurar hunturu, yumɓu za ka samu.

Tunda autarku na fama da ƙirji in sanyi ya shigo, nemi mai matatar HEPA. Ta gaske tana tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin ƙura masu girman maikiron 0.3, waɗanda ido bai san da su ba amma huhu ya sani. Na ce ta gaske, domin kwali ba ya musun abin da aka buga a kansa. Ka duba murfin yana rufuwa ruf, da roba a gefensa. In jikin na yoyon iska, ƙura za ta shiga ta gaba ta fice ta baya, ka biya kuɗi an sauya mata wurin zama kawai.

Sai maganar wat, inda na san za a kama ka. Mai kanti zai ga babbar riga da tabarau, ya ji Hausar Zazzau, ya ce yau take Sallah. Zai jawo wanda aka zana wa 2400 da jan rubutu, kai kuma ka yi wa rogo kallon kitse. Lambar nan yawan wutar da injin ke ci take nunawa. Ƙarfin zuƙa yana ga ƙirar fankar ciki, da bakin sharar, da yadda iska ke bi ba tare da yoyo ba. Tarayyar Turai ta hana shigo da injin gida mai igiya da ya wuce wat 1600 kasuwa a 2014, ta sauke zuwa 900 a Satumbar 2017, kuma ba mu ji kafet ɗinsu ya yi tsiro ba. Yi lissafi, tunda kai ne malami: wat 2000 na rabin awa yunit ɗaya ne cif a mitarka mai kati. In masu wuta suka ɗauke, ɗan janaretan nan naka mai shan fetur da baƙin mai, wanda ko wat 1000 ba ya bayarwa, kana kunna inji zai yi tari biyu ya yi shiru. 'Yar inbatar sola ma za ta yi tsuwa ta kashe kanta, don mota tana fizgar wuta fiye da lambarta a lokacin tashi.

Dogon nan mai batir yana da hujjarsa a garin da wuta ke zuwa ziyara. Amma minti 40 ko 60 da ke jikin kwali na ƙaramin giya ne. Sa shi a babba a kan kafet, da ƙyar ya yi minti 10, sannan ya nemi awa uku ko fiye a soket. Zafin bazara kuma ba ya raga wa batir. Kujeru da cikin mota ne aikinsa.

Na kuma ji ƙishin-ƙishin wani tsohon ɗalibinka zai aiko maka da ɗaya daga Amurka, ko kuwa za ka leƙa wajen 'yan gwanjo. Kifa shi ka karanta ƙaramin rubutun da ke gindinsa. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Ka cusa shi a soket ɗinmu kai tsaye, zai yi aikin da bai taɓa yi ba na 'yan daƙiƙu, sai hayaƙi. Na Ingila ya dace da wutarmu, har filoginsa mai baki uku.

Da ni ne kai, Allah ya kiyaye, mummunan nan zan saya, mai bokiti a kan ƙananan tayu, wanda masu wankin mota ke ja. Cikinsa lita 15 ko 20, yana cin ƙasa, yana shan ruwan da ya zube in an sa masa matatar da ta dace, kuma da yawansu suna hura iska ta baya, sai ka kakkaɓe ragar taga da su. Kayan cikinsa kaɗan ne, mai gyaran fanka a Sabon Gari zai buɗe shi ba tare da ya kira taro ba. Nemi wanda wat ɗinsa bai yi nisa da 1000 ba, mai matata ta kirki, a sa masa jakar ƙyalle a ciki saboda hunturu, a haɗa maka da baki mai buroshi don kafet. Aibinsa ƙara da muni, kuma duka biyun uwargida ta riga ta saba da su a gidan.

Ɗakunan tayil, tsintsiyar laushi da mofa sun wadatar. Tsakar gida a yayyafa ruwa a share da ta kwakwa yadda aka gada. Kada in ji ka fito da inji kana zuƙar tsakar gida, za ka kwashe Samaru kaf ba ka ga ƙarshe ba. Abu ɗaya kuma ban da wasa a cikinsa: in garwashin turaren wuta ya faɗo daga kasko, ko tokar gawayi da ba ta huce ba, kada a kai masa inji. Iskar ciki za ta hura shi a cikin busasshiyar shara, gobara ke nan. A kuma bar shara da shi bayan asuba, maƙwabta ba su yi maka laifin komai ba.

Ranar sayayya ka shigo motar Kano da sassafe, ka bar babbar rigar a gida. Ka ƙunso jar ƙasarku a leda, za mu watsa a kan darduma a gaban mai kanti a gwada, mu ga abin da ya ɗauke da abin da ya feso ta baya. Za mu karɓi rasit da takardar garanti. Ni zan yi ciniki, kai aikinka riƙe leda da yin shiru, ko da yake na san na biyun zai fi ba ka wuya.

Kwamitinka ya manta da ajanda ɗaya: wa zai ja bokitin? Uwargida cewa ta yi ta daina sunkuyo, ba ta ce ta nemi sabon aiki ba. Inji a tsaye ake tura shi, don haka uzurin ciwon bayan nan naka ya faɗi. Kowace Asabar da hantsi, a ajiye jarida, a naɗe hannun riga.

Kuɗin sharar watan cika-ciki kuma yana nan daram, inji bai soke shi ba. Bana ma ninki biyu zan karɓa, har da ladan shawara. In ka ce kuɗin sun ƙare a inji, ba matsala, sai in zo da mota in ɗauki injin.