Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi

In ka wuce Dawanau ka miƙa arewa, ko ta titin Katsina wajen Bichi da Tsanyawa, ko ta hanyar Daura wajen Dambatta da Makoɗa, ba za ka ga abin da ake kira daji ba. Gona ce ke bin gona, gero da dawa da wake da gyaɗa, ɗorawa nan, kuka can, kafin ka fita daga wannan unguwa ka fara jin carar zakaran ta gaba. Kwalta ɗaya ce, sauran duk burtali ne da 'yan hanyoyi masu rairayi da suka ratsa tsakanin shinge da shinge. Mota ba ta son irin wannan ƙasa. Da can jaki ke ɗaukar kaya, doki ke ɗaukar mai sarauta da mai hali. Yau doki ya koma na hawan salla, jaki ya ja baya, babur ya gaje su su biyun, ya kuma gaji masu su da halayensu. Duk wanda ke son sanin mutanen gari, ya nemi benci a rumfar bakanike ranar kasuwa, ya zauna ya yi shiru.

Wanda zai fara iso, tun rana ba ta yi zafi ba, shi ne mai leda. Shekara biyu ke nan da ya sayar da riɗi da wake ya sayo babur a birni, amma har yau ledar kamfani na nan a kan sit, a kan tanki, har da 'yar guntuwar da ta rufe madubi. Ta yage, ya liƙe ta da salatif. Ta yi baƙi, ya wanke ta. In ka ce masa ai ledar nan tana tara gumi tana sa tanki tsatsa, sai ya dube ka kallon wanda ya gano maƙiyinsa. Ba gyara ya kawo shi ba, don babur ɗin ba ya zuwa ko'ina balle ya lalace. Ya zo ne a saurara masa wata 'yar ƙara da ya ji jiya bayan la'asar, wadda ba wanda ya ji sai shi. Bakanike zai tayar, ya kasa kunne, ya ce, "Alhaji, lafiyarsa ƙalau." Shi kuwa sai ya girgiza kai: "A'a, sake dai saurara, can ƙasa-ƙasa take."

A gida, babur ɗin nan a ɗaki yake kwana, a kan tabarma, an lulluɓe shi da tsohon zanen uwargida. Da damina ba ya fita don taɓo, da hunturu ba ya fita don ƙura, da bazara kuma ana tausaya wa taya saboda zafin ƙasa. Za ka gamu da maigidan yana tafe a ƙasa zuwa ɗaurin aure a ƙauyen gaba, makulli na lilo a aljihun gaba inda kowa zai gani. Uwargida ta daɗe da yanke hukunci. In maƙwabta sun tambayi Malam, sai ta ce yana wajen amarya, kuma kowa ya san ba mace take nufi ba.

Kafin mai leda ya gama ƙorafi za ka ji mai salansa. Ji za ka yi, don ƙararsa na riga shi isowa da kusan minti biyar. Saurayi ne, bai wuce ashirin da 'yan kai ba, kuma ranar da babur ya shigo hannunsa, abin da ya fara yi shi ne zuwa wajen mai walda a fasa salansa a zare abin da ke cikinta mai danne ƙara. Na biyu, ya cire madubai duka biyu, wai suna tsufar da babur. Na uku, ya sa odar tirela. Akuyoyin unguwarsu sun saba, amma baƙuwar tunkiya in ta ji shi sai ta tsinke igiya.

Abin da ya rage wa injin ya mayar wa ado. Geza a hannuwa, geza a sit, fitilu masu walƙiya ja da shuɗi a ƙarƙashin tanki, 'yar sifika ɗaure a gaba tana rera waƙoƙin finafinai, hoton Ali Nuhu a gefe guda, tambarin Kano Pillars ko na Barcelona a ɗaya gefen. A bayan madigadi an rubuta habaici ga mahassada, alhali in ka bincika ba wanda ke masa hassada, barci kawai mutane ke nema. Fitilun adon sun shanye batir, saboda haka babbar fitilar gaba ba ta kamawa. Da dare tocilan yake cizawa a baki. Ranarsa ita ce ranar kai amarya. Nan za ka ga ya ɗaga tayar gaba, ya saki hannu, ya miƙe tsaye a kan sit, ƙura ta tashi, 'yan mata na guɗa, tsofaffi na salati. Ba shi da hular kwano. Dama tun da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa ta a watan Janairun 2009, har wasu 'yan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya a ka, aka gane cewa tsakanin mutanenmu da hular nan sai a hankali. Wannan kam ina ganin wasansa ya wuce dariya. Mai ɗorin garinsu ya san shi fiye da yadda limamin garin ya san shi.

A ƙarshen benci, inda inuwa ta fi kauri, akwai dattijon da ba ya ɗaga kai ya kalli mai salansa. Tsohon malamin firamare ne. Ya sayi Vespa ɗinsa da kuɗin Udoji, lokacin da gwamnatin Gowon ta ƙara wa ma'aikata albashi aka biya su har da ariyas a 1975, malamai da akawuna suka cika shagunan babura da rediyo. Tun daga ranar bai sake ba. Fentin ya koɗe, amma tayar safaya na nan maƙale a jikinta, giya a hannun hagu, kuma har yau da kansa yake auna baƙin mai ya haɗa da fetur, da wani ɗan gwangwani da ya girmi bakaniken. A wajen Baba, babura iri biyu ne a duniya: na Italiya da Japan, sai kuma gwangwani. Jincheng, Lifan, Haojue, duk abin da ya fito daga Sin, suna ɗaya yake kiran su, roba-roba. Boxer ta Indiya ya ɗan sassauta mata, ya ce ba laifi, ta talaka ce.

Matsalarsa kayan gyara. Ya zaga Ƙofar Ruwa ya zaga Sabon Gari, yaran shago suna tambayarsa ko abin na injin markaɗe ne. Don haka ya sayi gawar wata Vespa ya ajiye a bayan rumbu, yana cirar ta kaɗan-kaɗan. Bakanike ba ya taɓa babur ɗin sai Baba na tsaye a kansa. "Yaro, ba da wannan sifanar ba." "To, Baba." "Ubanka ma da ya gyara ta, sai da ya wanke hannu." Gudunsa bai wuce na mai keke mai sauri ba, babbar riga a naɗe a kafaɗa, hula zanna ba ta ko motsi. Bai taɓa faɗuwa ba, kuma zai gaya maka haka ko ba ka tambaya ba.

Sai injiniya, wanda bai taɓa zama ƙarƙashin wani oga ya koyi aiki ba, amma yana da filaya da sukudireba da waya mai intanet. Shi ba ya kawo babur rumfar bakanike a kan tayoyinsa. A buhu yake kawo shi. Ranar Juma'a da safe ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya kwance inji don ya ga abin da ke ciki, ya wanke komai da fetur a kwanon tuwo, ya mayar, sai ga noti uku da wani ɗan sifirin sun yi saura. Bayaninsa a shirye yake: kamfani ne ya sa su don ƙawa. In babur ya ƙi tashi, laifin man gidan mai ne, ko falogi jabu, ko sammu.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500, daga baya ta zarce 1,000, injiniya ya samu almajirai. Fannin da ya ƙware a kai yanzu shi ne matse kafireta. Yana juya ɗan sukurun nan har sai man da ke shiga inji ya koma kamar ana ɗiga maganin ido, ya ce yanzu lita ɗaya za ta kai Kazaure ta dawo. Abin da ba ya faɗa shi ne, injin da iska ta yi wa yawa mai ya yi masa kaɗan zafi yake yi, falogi ya yi fari fat, fistin ya soma cin jikinsa. Kuɗin da aka tsimi a wata uku, rana ɗaya mai sayar da fistin da zobe zai karɓe, har da ciko.

Babban almajirinsa shi ne mai tsimi. Wannan bai taɓa ganin cikin tankinsa a cike ba. Rabin kwalba yake saye wajen 'yan cuwa-cuwa, ya tsaya sai ɗigon ƙarshe ya sauka, ya girgiza mazurari. Yana kashe inji a gangara, a ƙasar da gangarar kirki sai ka yi da gaske kafin ka samu. In mai ya ƙare a tsakiyar burtali, yana da matakai: ya juya rizab, ya tuna tun shekaranjiya a rizab yake, ya kwantar da babur a gefen hagu, ya buɗe tanki ya hura da baki, ya samu tafiyar gona biyu. Daga nan sai turi. In ka same shi yana turawa cikin rairayi, gumi har gwiwa, ka ce, "Sannu, mai ne ya ƙare?" zai ce, "Ina! Motsa jini nake."

Mai lodi ba ruwansa da duk wannan. Boxer ce da shi, ya kai wa mai walda an ƙara mata kariya ta ƙarfen rodi, an ƙara shoka biyu a baya. Buhun gero uku zuwa Dawanau, ko taki zuwa gona, ko jarkoki shida na ruwa, ko tumatir da albasa daga fadamun Watari, ko akuya biyu a cikin kwando da ta uku a saɓe a cinya. Shi kansa a kan tanki yake zama, gwiwoyi na taɓa hannun babur. Ranar suna kuma ya ɗauki uwargida da goyo, yara biyu a gaba, ƙanwar uwargida a baya riƙe da kwanon cincin. Ka tambaye shi mutum nawa babur ke ɗauka, ya ce ya danganta da ko suna shiri da juna. Sarƙarsa kullum a bushe take, rairayi ya cinye haƙoran sufaket sun yi tsini, amma shi kaɗai ne a bencin nan da ke biyan bakanike kuɗi a hannu, don shi babur ɗinsa nema yake yi.

Akwai kuma wanda bai san ana yi wa babur juye ba. Baƙin man da aka zuba tun a shago shi ne a ciki. Madigadi ɗaure da robar tsohon tib, birki ɗaure da waya, makulli kuwa wayoyi biyu ne da yake haɗawa. Ɓarawo ma ya duba ya wuce.

Tsohon ɗan acaɓa shi ne mai labari. A birni ya yi shekarunsa, har zuwa Janairun 2013 da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero hari, gwamnatin Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni da kewaye. Abokansa suka koma A Daidaita Sahu, shi ya dawo gida ya kama noma, amma bai sauko daga Kano ba har yau. Kowace magana sai ta bi ta Bata, ta zaga Kantin Kwari, ta ɓullo Kurna. Yana ratsa garken tumaki yadda yake ratsa cunkoson Sabon Gari, yana leƙa kwana ko 'yan KAROTA na nan, a hanyar da ba kowa sai wata tsohuwa mai tallan daddawa. In ya rage wa surukinsa hanya, sai ya ji bakinsa na shirin cewa a kawo canji.

Duk waɗannan, komai halinsu, sun sa kuɗinsu. Mai aro bai sa ko sisi ba, kuma ya fi su duka sanin babur. Ya san wanda ke shan mai, ya san wanda kulocinsa ke zamewa, ya san wanda ya kamata a sayar tun bara, don duk ya hau su. Yakan zo da sassafe, ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya yaba shukar bana, sannan ya sauke murya: "Yaya, ɗan ba ni makullin nan, nan kusa zan je, yanzu zan dawo." Nan kusa ɗin Kunci ce. Yanzun kuma bayan isha'i. Zai dawo da tanki a bushe, madubi ɗaya a aljihu, taya ta sha ƙaya an yi mata faci bashi da sunanka. Kafin ka buɗe baki ya riga ka: "Gaskiya, Yaya, ka duba birkin nan, saura kaɗan ya kashe ni. Don dai ni ne." Sai ka ji kana ba shi haƙuri. Gidan mai leda kaɗai ne bai taɓa cin nasara ba. Ya je sau da yawa, ya ce matarsa ce ke naƙuda, mai leda ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da kuɗin mota ya miƙa masa.