Ramin Da Na Haƙa a Zugu

Da Kawu ya rasu a Zugu, wato Djougou, ’yan’uwa suka tashi da gona da shanu, ni kuwa Inna ta miƙo mini wani dutse a ƙunshe cikin tsumma. Faɗinsa kamar waina, bakinsa da kaifi, jikinsa duk zane-zane. Na karɓa ina murmushin dole.

A mota kan hanyar komawa Paraku wani ɗan makaranta ya leƙa ya ce, "Baba, ai wannan halittar teku ce da ta zama dutse. Wanda ya gano sabuwa, wani lokaci da sunansa ake kiran ta." Kafin mu shiga gari na riga na raɗa mata suna, har na fara tunanin rigar da zan sa ranar da Turawa za su zo.

Lissafina mai sauƙi ne: inda aka samu ɗaya akwai ’yan’uwanta. Na rufe shagona na kasuwar Arzeke, na koma Zugu, na ɗauki lebura uku muka faɗa bayan gidan Kawu. Ranar farko jar ƙasa. Rana ta biyu marmara. Rana ta uku diga ta daki wani dutse, wuta ta yi tartsatsi, ƙota ta karye. Kafin la’asar labari ya zaga unguwa cewa ɗan’uwan marigayi ya ga zinariya a mafarki. Har mai kunu ta kafa tukunya a bakin ramin. Da dare akuyar maƙwabci ta rufta. Jaka talatin na sefa suka tafi, har da kuɗin ɗorin akuya.

Sai a lokacin na nemi wani malamin ilmin duwatsu a Paraku. Ya juya dutsen, ya ɗiga masa ruwa, ya sa gilashi. Na ce katantanwa ce ko? Ya ce a’a, gidan katantanwa ɗaki ɗaya ne, wannan kuwa ɗaki-ɗaki ne, kuma zanen nan mai lanƙwasa sawun bangayen ɗakunan ne, da shi ake bambance jinsi da jinsi kamar yadda ake gane mutum da tsagar fuskarsa. Sunanta amonait, danginta sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce.

"To Malam, sabuwa ce?"

"Alhaji, Libycoceras ce. Tun 1900 aka yi mata suna."

Na haɗiye yawu, na ce aƙalla ta Zugu ce. Nan dariya ta ƙwace masa. Ya ce duwatsun Zugu da Paraku sun haura shekara miliyan 500, sun dahu da zafin cikin ƙasa, ko ƙashin giwa aka sa a ciki da ba a ga alamarsa ba. Irin wannan sai a lakar gindin teku da ta daskare tana ɓarewa falle-falle, kamar ta ƙauyen Dukamaje a jihar Sakkwato, inda teku ya taɓa ratsowa ta Sahara ya kwanta. Wai teku a Sakkwato! Garin da rana ke gasa mutum kamar tsire.

Na buga wa Inna waya. Ta ce, "Au, wannan? Ai Kawunka daga fataucin Sakkwato ya zo da shi, yana tokare ƙofa. Da ka tambaya."

"Inna, kwana uku kina kallona ina haƙa!"

"Na zaci shadda kake mana, ɗan albarka. Shi ya sa nake aiko muku da fura."

An ɗora wa ramin siminti, an zagaye shi da zana, mutanen gida na ta sa mini albarka. Dutsen kuwa yana tokare da ƙofar shagona a Arzeke.