Malam Aljani a Majalisa

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen shekarar 2022 na ci alwashin ƙirƙirarriyar basira ba za ta same ni ina barci ba. Na shiga kwas a intanet, na koma shan shayi ba madara don kuɗin data su isa. Ladan da na samu shi ne sabon suna a majalisarmu: Malam Aljani.

Ranar da na yi musu bayanin cewa manhajar tana rubuta wasiƙa kafin mai shayi ya gama soya ƙwai, wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗan nan, tana kawo wuta?" Aka bushe da dariya. Na tuna musu masu sana'ar kiran waya a ƙarƙashin lema, waɗanda suka cika titi bayan zuwan GSM a 2001. Na ce ina suke yau? Sai aka ce wa'azi nake yi, aka koma hirar ƙwallo. Tun daga ranar, da na doso benci sai a matsa mini fili mai faɗi, irin wanda ake ba mai mura.

A ofis ma kanwar ja ce. Magatakardanmu yana buga takarda da yatsu biyu, kamar kaza tana tsattsagar gero, kuma ya rantse babu na'urar da ta san inda fayil yake kwana. A nan kam ya yi gaskiya, shi ma bai sani ba.

To amma fa dare mahutar bawa, kuma matattarar masu buƙata. Bayan isha'i sai in ji sallama ƙasa-ƙasa. Dattijon nan ne mai tambayar wuta. "Malam, ka sa aljanin naka ya rubuta wa yaron wajena takardar neman aiki. Amma ta tsaya tsakaninmu." Washegari Oga ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, wai jawabin bankwana yake so. Aka tafa masa sosai a wajen taron, ya kuma rufe da gargaɗin matasa su guji dogaro da na'ura.

Ni ma aljanin bai bar ni ba. Na sa shi ya rubuta wa kawuna saƙon gaisuwa, sai ya buɗe da "ƙaunataccena", ya ƙara da wani karin magana da babu Bahaushen da ya taɓa jin sa. Har yau kawu yana tambayar mahaifiyata ko lafiyata ƙalau.

Jiya uwargida ta same ni ina fira da waya da tsakar dare. Ta daɗe a tsaye tana kallona, sannan ta ce, "Maigida, tunda ya san komai, tambaye shi inda kuɗin cefanen gobe suke."