Kyaftin Ya Sauke Gilashi a Saman Gazawa

Wannan makon ɗan ƙanwata ya turo mini littafinsa na farko ta WhatsApp, haɗe da saƙon murya: "Kawu, a duba mini, a ba ni shawara." Kun dai san abin da ake nufi da shawara a irin wannan saƙo. Ka ce ma sha Allah, ka tura wa mutanenka, in da hali ka ɗora jika biyu na kati. Ni kuwa sai na zauna na karanta.

Jarumin matuƙin jirgin sama ne, to da wa zai zama? Matuƙan da marubutanmu suka yaye bana tsakanin Agye da Gidan Rumji, makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya ba ta yaye rabinsu ba tun kafa ta a 1964. Dukansu dogaye, masu saje, masu gida a Dubai, ba sa dariya sai sun yi karo da yarinya mai tallan awara.

A babi na uku Kyaftin ya taso daga Yamai da alhazai za shi Jidda. Da ya iso saman Gazawa sai ya rage gudu, ya sauke gilashi, ya leƙo, ya ɗaga wa masoyiyarsa hannu tana wanke-wanke a tsakar gida. Ita kuma ta sunkuyar da kai don kunya.

Ɗana, irin wannan jirgi yana can sama wajen mita 10,000, sanyin waje ya kai digiri 50 ƙasa da sifili, gudunsa kusan kilomita 900 a awa. Kafin yarinyar nan ta gama "ina gajiya, ya mutanen gida, ya ƙoƙari", saurayinta ya wuce Tasawa, hularsa kuma sai dai a yi cigiya a rediyo.

Amma tunda gilashi ya riga ya sauka, don me za a yi wa fasinjoji rowa? An baro Cadawa ba a sayi aya ba, sai Kyaftin ya yi ribas. Alhazai su miƙo hannu ta taga, ƴan talla su bi fiffike da gudu da faranti a ka, ana cinikin tiya. Wata tsohuwa ta ɗaga murya daga baya: "Direba, a tsaya, zan kama ruwa!" Ɗan kamasho ya maƙale a bakin ƙofa yana kiran "Jidda, saura mutum ɗaya!" A ɗaure jar akuyar Maraɗi a bisa rufi, ta yi aikin hadaya. Jandarma ya fito daga bayan gajimare ya busa usur, a nemi takardun jirgi, a tarar Kyaftin ya manto su a aljihun ɗayar rigar. In kuma injin ya ƙi tashi, ai ba sabon abu ba ne: maza a sauko a tura.

Na kira yaron na tambaye shi ko ya taɓa leƙa cikin jirgi. Ya ce, "Kawu, ai ƙirƙira ce." Nan ne raina ya ɓaci. Rashin shiga jirgi ba laifi ba ne, yawancinmu daga ƙasa muke hangensa. Abin haushin shi ne raini. Yaron da ya tashi yana tonon aya har bayansa ya ƙage, wanda iyayensa suka ga farin 2004 da jiragen feshi da aka yi ta jira, bai ga labari ko ɗaya a nan ba. Manomi ba ya fitowa a littafinsa sai in za a yi auren dole. Ga filin jirgi nan a Maraɗi, kuɗin mota kawai, ya je ya tsaya ya tambayi ma'aikata abin da hazon hunturu ke yi wa sauka da tashi. A Yamai akwai makarantar ASECNA da ke horar da masu duba yanayi da masu yi wa matuƙa jagora daga hasumiya, mutanen da in babu izininsu Kyaftin ba ya ko motsawa. Har yau ban ga marubuciyar da ta ba ɗaya daga cikinsu budurwa ba.

Ko da yake a gida ya sha. Wajen alhazanmu ya koya. Tun 1925 jirgi ya fara sauka Kano, wajen shekara ɗari ke nan, amma har gobe Alhaji in ya dawo sai ka ce shi ya fara hawa. Shekarar farko zai ce jirgin ya ɗan girgiza. Shekara ta biyu ya faɗa rami. Ta biyar kuwa ramuka bakwai ne, kuma da ba don ya aika wa direba ya riƙe hannun dama ba, da yanzu ana sadakar arba'in. Mutumin da aka ba kujerar tsakiya, ya runtse ido, ya damƙe carbi tun daga Yamai, shi ne ya ga kifi a Bahar Maliya, har ya gane jinsinsa. Hajiya kuma ta dawo da cokalin roba da ɗan ƙullin gishirin jirgi, ta jera su cikin kabad tare da kwanonin aure, jika ya taɓa ya sha dundu. Jirgi ya gifta saman gari ana tsakiyar hira a majalisa, sai Alhaji ya ɗaga kai, ya ƙanƙance ido, ya ce, "Wannan ba namu ba ne, namu ya fi shi girma."

Alhazan bana, don Allah in kun sauka ku haɗa baki tukuna kafin mu zo barka da dawowa. Rami nawa ne tsakanin Yamai da Jidda? Muna lissafi.